Baƙuwar Kaza a Tsakar Gida: Yadda Ake Haɗa Sababbin Kaji da Tsofaffi a Fagge da Sabon Gari

Gabatarwa

Kiwon kaji a tsakar gida yana daga cikin tsofaffin al'adun Bahaushe, kuma har yau da wuya mutum ya kwana a wata unguwa ta Kano bai ji carar zakara da asuba ba. Sai dai duk da daɗewar wannan al'ada, akwai wani ɓangare nata da ba kasafai ake rubutu a kansa ba, wato ranar da aka shigo da baƙuwar kaza cikin waɗanda ake da su. A wannan rana ce masu kiwo da yawa suke jawo wa kansu asara, ko da yake asarar ba ta fitowa fili sai bayan mako guda ko biyu, lokacin da an riga an manta da mafarinta. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa idan an haɗa kaji da ba su san juna ba, da dabarar da magabata suka bar mana a kan haka, da kuma inda dabarar take buƙatar ƙari. Na taƙaita bayanina a kan Fagge da Sabon Gari, domin nan ne na fi sani, kuma nan ne matsalar ta fi tsanani saboda dalilan da za su zo a gaba.

Unguwannin da ake magana a kansu

Masana tarihi da dama suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), a matsayin zangon fatake a bayan ganuwa, musamman Buzaye masu zuwa da ayarin raƙuma daga arewa. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka shi a 1913, bayan isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin saukar ma'aikata da 'yan kasuwa da suka fito daga kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A yau duka biyun suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, kuma manyan kasuwanni sun kewaye su: Kantin Kwari, da Singa, da 'Yan Kura, da babbar Kasuwar Sabon Gari wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi.

Abu biyu ne suka shafi kiwon kaji a wannan tarihi. Na farko shi ne cunkoso. Filayen da a da suke ɗauke da iyali ɗaya yanzu sun zama gidajen haya, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, rariya ɗaya, kuma kajin kowa a nan suke tona. Na biyu shi ne kusanci da kasuwa. Mutumin ƙauye idan yana son ƙarin kaza yakan samo ta ne daga maƙwabci ko ɗan'uwa, ya san gidan da ta tashi. Mutumin Fagge kuwa tafiyar ƙafa ce kawai tsakaninsa da 'yan kaji, saboda haka baƙuwar kazarsa kusan kullum 'yar kasuwa ce.

Inda baƙuwar take fitowa

Ya kamata mai karatu ya bi sawun kazar kasuwa kafin ta iso hannunsa. Masu sarin kaji suna bin kasuwannin ƙauye ne ranar cinsu, kamar Wudil ran Juma'a da Dambatta ran Lahadi, su tattaro ɗaya a nan biyu a can, su cusa su cikin kwanduna, a ɗora a saman mota. Idan sun iso Kano sai a juye su a keji tare da zabi da agwagi da talotalo da tattabaru, ga kuma tsofaffin kajin ƙwai da gidajen gona suka sallama. Wadda ba a saya yau ba a nan za ta kwana, gobe a zuba sababbi a kanta. A gefe guda kuma ana yanka ana figa. Ba laifin ɗan kaji ba ne, haka sana'ar take a kusan kowace kasuwar kaji masu rai, daga nan har Masar da Sin. To amma sakamakon shi ne, kazar da ta bar gidan ubangijinta lafiya ƙalau tana iya kwasar cuta a hanya ko a keji.

Akwai kuma wani abu da duk wanda ya zauna a ƙauye ya sani. Da zarar annoba ta faɗa wa kajin wani gari, an ga ɗaya ta yi zugum an ga biyu sun mutu, abin da mutane ke yi shi ne su kwashi sauran da ke da sauran kuzari su kai kasuwa, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wannan ne ya sa arahar kaji a tsakiyar hunturu ba abin murna ba ce ga mai niyyar kiwo.

Lokacin ma yana da muhimmanci. Annobar kaji ta fi yin ɓarna a arewacin Nijeriya daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a daidai wannan lokaci ne ake jigilar kaji masu yawa saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, waɗanda Sabon Gari ce cibiyar cinikinsu a Kano. Ita kuwa Sallah, da yake tana bin watan sama, takan zagayo ta faɗo cikin sanyi na wasu shekaru a jere. A shekarar 2000 Ƙaramar Sallah ta zo a mako ɗaya da Kirsimeti, a 2006 kuma Babbar Sallah ta zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, duka a cikin hunturu.

Dabarar turke

Abin da muka taras iyayenmu mata suna yi idan an kawo baƙuwar kaza shi ne su ɗaure mata ƙafa da tsumma ko igiya mai laushi, a turke ta a inuwa kusa da madafi ko gindin turmi, a ajiye mata tsaba da ruwa a kasko. Takan yi kamar kwana uku a haka. Wasu sukan rage mata gashin fiffike ɗaya don kada ta haura katanga, wasu kuma su ɗaura mata ƙyalle mai launi a fiffike, shaidar cewa ta wance ce. Da magariba a kwance ta a sa a akurki, da safe a mayar da ita turke, har ta san gida.

Wannan dabara ba ta banza ba ce, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Tana maganin gudu, domin kaza takan koma kwana ne inda ta saba, kuma kafin ta saba da sabon wuri, in an sake ta, sai ta bi rariya ta fita ta ɓace. Tana kuma rage faɗa, domin kajin gida sukan zo su kewaye ta, su dube ta, su saba da ganinta a gaban uwargida wadda ke iya korar mai zafin kai da muciya. Inda turke ya gaza wuri ɗaya ne, amma babba: baƙuwar tana tsakiyar gida tun ranar farko, kajin gida suna shan ruwan kaskonta, suna tona inda ta yi kashi. Wato turke ya tsare ta daga ɓata da duka, bai tsare 'yan gida daga abin da ta ɗauko ba.

Manya da ƙanana a cikin kaji

Kafin in shiga maganar cuta, bari in yi bayanin faɗan, domin shi ne abin da ido ke fara gani, kuma shi ne yara suka fi tambaya a kansa a aji.

Kajin da suka daɗe tare suna da tsarin girma a tsakaninsu. Akwai wadda take sarar kowa ba mai sararta, ita ce take fara cin tsaba, ita ce take zaɓar wurin kwana. Akwai ta biyu wadda take kauce wa ta farko amma take sarar saura, haka har zuwa ta ƙarshe wadda sai kowa ya ƙoshi take matsowa. Zakaru suna da nasu jerin daban. Duk matar da ke watsa dusa da safe ta san wannan, amma wanda ya fara rubuta shi a matsayin ilimi wani mutumin ƙasar Norwe ne, Thorleif Schjelderup-Ebbe, a farkon shekarun 1920, bayan ya shafe shekaru tun yana yaro yana lura da kajin gidansu. Daga baya, a shekarun 1950, wani masani a Amurka mai suna A. M. Guhl ya nuna cewa kaji suna gane junansu ne musamman ta kai da zanko, har in an sauya wa kaza kamannin kanta sai 'yan'uwanta su ɗauke ta baƙuwa.

Amfanin wannan tsari shi ne zaman lafiya. Da zarar kowace ta san matsayinta, faɗa ya ƙare, sai dai harara da ɗan ɗaga wuya. Shigowar baƙuwa kuwa yana rushe lissafin, domin dole kowace kaza ta gwada ƙarfi da ita a san wa ke sama. Idan baƙuwar ɗaya ce tak, duk gwajin a kanta zai sauka, ga gajiyar hanya, ga rashin sanin maɓoya. Shi ya sa sau da yawa za ka gan ta a bayan randa ta takure, ba ci ba sha. Ƙwaƙwalwar kaza kuma gajera ce a wannan fanni. Kazar gida ma in ta yi makonni biyu zuwa uku ba a gan ta ba, alal misali an keɓe ta saboda rauni, idan ta dawo sai ta sake neman matsayinta da bakinta.

Wani abin lura shi ne jini. Kaji suna da sha'awar sarar duk abin da ya yi ja. Idan aka fasa wa baƙuwa zanko ko ƙeya jini ya fito, waɗanda ba ruwansu da faɗan ma sai su taru a kan mikin, kuma suna iya kashe ta kafin la'asar. Don haka faɗan da ba jini a bar su su daidaita, amma da an ga ja sai a ɗauke ta, a wanke wurin, a shafa shuɗin maganin nan na miki wanda ke rufe launin, a jira ya warke.

Abin da ido ba ya gani

Cutar da ta fi kowace kashe kajin gida a ƙasar Hausa ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926, shekarar da aka kuma gan ta a tsibirin Jaba na Indunusiya. An fara tabbatar da ita a Nijeriya a Ibadan a farkon shekarun 1950. Masu kiwo sun san ta da alamominta: kaza ta yi zugum ta saki fikafikai kamar mai jan riga, ta riƙa buɗe baki tana numfashi da ƙyar, ta yi zawo kore ko fari, wadda ta jure kuma wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana juyi. Idan mai zafi ce takan share akurki kusan gaba ɗaya a cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani. Kafson nan ja da rawaya da ake farkewa a zuba a ruwa ba ya taɓa ƙwayar da ke kawo ta, haka nan barkono da ɓawon maɗaci da gautan kaji da iyayenmu ke jiƙawa. Wadda ta tashi bayan an ba ta waɗannan, da ma mai tashi ce.

Abin da ya sa wannan cuta take yaudarar masu kiwo shi ne kwanakin da take yi a ɓoye. Daga ranar da kaza ta ɗauka zuwa ranar da za ta nuna alama akan yi kwana 2 zuwa 15, galibi biyar ko shida. Ke nan kazar da ta ɗauki cutar a kejin kasuwa jiya, yau idonta garau yake, tana cin tsaba, kuma za ta gama kwana ukun turke lafiya lau, a kwance ta, ta shiga cikin 'yan gida, sannan ta kwanta. Kafin a farga ta raba wa kowa. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya, don ta toshe kowace kafa, kwana 21 take lissafawa ga wannan cuta.

Ta biyu ita ce murar tsuntsaye. Dattawa za su tuna Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da nau'inta mai tsanani a wata babbar gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, kuma ba a jima ba aka same ta a gonakin Kano. An hallaka kaji masu ɗimbin yawa, gwamnati ta fara biyan diyyar naira 250 a kan kowace kaza, mutane suka ƙaurace wa nama da ƙwai na wani lokaci. A farkon 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Ta lafa, sannan ta dawo a farkon 2015, kuma wuraren da aka fara ganinta a wannan karo su ne Kano da wata kasuwar kaji a Legas. An sake fama da ita a 2021. Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne agwagi suna iya ɗaukar wannan ƙwaya su yi ta yawo da ita ba tare da sun nuna komai ba.

Bayan waɗannan akwai ƙananan baƙi da kan biyo baƙuwa: murar da ke kumbura fuska da ido, wadda kazar da ta warke daga ita takan ci gaba da rabawa, ƙurajen da ke fesowa a zanko da fatar ido, tsutsar ciki, ƙwarƙwata a ƙarƙashin fiffike, da ƙuma mai maƙalewa a gefen ido. Waɗannan ba sa share gida dare ɗaya, amma suna rage ƙwai suna kashe 'yan tsaki.

Kwanakin kwanci

Shawarata ita ce a riƙe turke, amma a matsar da shi nesa a kuma tsawaita shi. Adadin kwanakin ba wuyar tunawa: kwana 21, daidai kwanakin da kaza ke yi tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. Wanda ya ga ba zai iya ba, kada ya gaza mako biyu cur. Asalin Fagge ma ai zango ne, inda ayari ke sauke kaya a bayan ganuwa kafin a shiga birni.

Tun a kasuwa ake fara aikin. A ɗaga kazar a ji nauyinta, a shafa ƙashin ƙirji, in ya fito kamar wuƙa to ta daɗe ba lafiya. A dubi ido da hanci ko akwai ruwa, a kara kunne a ji ko numfashinta na ƙara, a duba gashin da ke ƙarƙashin wutsiya ko zawo ya ɓata shi, a buɗe fiffike a duba fata. A kuma dubi sauran na cikin kejin, domin lafiyayya a tsakiyar masu gyangyaɗi ba lafiyayya ba ce. Duk wannan yana rage haɗari ne kawai, bai ɗauke wa mutum keɓewa ba.

A gida kuma, wurin da za a ajiye ta ya zama inda kajin gida ba sa kaiwa, kuma ruwan wurin ba ya gangarowa inda suke. Kaskonta daban, mazubin abincinta daban. Mai ba su abinci ya fara da 'yan gida, ya ƙare da baƙuwa, sannan ya wanke hannu da sabulu. Ragowar ruwanta da kashinta kada a watsa a tsakar gida. A nan ne ya kamata a ja kunnen yara, domin su ne masu ɗaukar baƙuwa su rungume, su ajiye, su je su kama ɗan tsako. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma ake ba ta maganin tsutsa, a yi mata maganin ƙwarƙwata, a ajiye mata toka da rairayi ta yi birgima. Idan ta mutu a keɓe, an yi asarar kaza ɗaya. A haƙa rami mai zurfi a binne ta ko a ƙone, kada a jefa a bola ko kwata inda karnuka da kajin maƙwabta za su same ta. Idan kuwa mutuwar ta zo da yawa kuma farat ɗaya, to a sanar da malaman dabbobi, kamar na asibitin dabbobi da ke Gwale, kuma kada a ci naman.

In ta cika kwanakinta lafiya, sai a koma ga dabarar iyaye. A kawo ta tsakar gida a cikin keji ko a kife ta da babban kwando mai huji, su gan ta ta gan su ba mai taɓa wani, na kwana huɗu zuwa mako guda. Kwando ya fi igiya a nan, domin ɗaurarriyar kaza ba ta iya gudu in an taso mata. Daga nan sai a sa ta a akurki da dare bayan kowa ya kwanta. Akan ce wai da safe sai su ɗauka da ma tana nan. Ni ban ga alamar kaji suna ruɗuwa haka ba, suna gane baƙuwa sarai. Amfanin dare shi ne kaza ba ta gani sosai a duhu, ba ta faɗa, ita kuma baƙuwar ta koyi wurin kwana. Sai dai a buɗe akurkin da sassafe, kada gari ya waye suna kulle a ƙunci ba wurin gudu. A watsa tsaba a wuri biyu ko uku masu nisa da juna, a ajiye kasko biyu, domin babbar kaza ba ta iya tsare wuri biyu a lokaci ɗaya. A jingina tsohon faifai ko katako a bango ya zama maɓoya. Cikin mako ɗaya ko biyu rigimar takan kwanta. Kuma in da hali a kawo biyu ko uku tare, masu girma kusan ɗaya da na gida, don a raba musu dukan.

Gidan haya

Na san mai karatu da ke zaune a Fagge ko Sabon Gari zai ce, ina wurin yake? Tambaya ce mai kyau. A gidan da iyali takwas ke shanya a igiya ɗaya, samun kusurwar da kaji ba sa kaiwa aiki ne. Na ga masu ajiye baƙuwa a saman soro, da masu rataye keji a bango sama da tsayin mutum da faranti a ƙarƙashi, da masu kai ta kangon da ba kowa, da masu ba wa ɗan'uwan da ba ya kiwo ajiya. Kowanne ya fi sakinta.

Amma babbar matsalar gidan haya ita ce, wanda ya jawo asarar sau da yawa ba mai kiwo ba ne. Na san wani gida da wani magidanci ya sayo zakaru biyu kwana goma kafin biki, don gudun tsadar jajibere, ya sake su a tsakar gida su ɗan yi ƙiba. An yanka su ranar biki an ci lafiya. Mako bai zagayo ba kajin wata bazawara da ke ɗakin ƙarshe suka fara zubewa, waɗanda da kuɗin ƙwansu da na 'yan sagarunta take sayen littattafan 'ya'yanta. Maganar ta kai gaban mai unguwa, amma wa zai iya kawo shaida a kan abin da ba a gani? Shi yana rantsuwa zakarunsa lafiyayyu ne, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Haka nan kazar da baƙo ya riƙo daga ƙauye a matsayin tsaraba, ba mai iya cewa a mayar, kuma kunya takan hana a keɓe ta a gaban wanda ya kawo.

Ga mace a irin waɗannan gidaje kaza asusu ce. Ita ake sayarwa in yaro ya kwanta, ita ake yanka wa baƙo, ita ake tarawa a sayi akuya. Saboda haka ya kamata mazauna gida ɗaya su yi yarjejeniya a kan abu guda: kazar yanka daban, kazar kiwo daban. Wadda aka sayo don tukunya kada ƙafarta ta taɓa tsakar gida. A yanka ta a kasuwa, ko a bar ta a ɗaure a kwando a yanka a ranar. Gashinta da kayan cikinta da ruwan da aka wanke naman kuwa kada a zubar inda kaji ke tona, domin ta wannan hanya ma cutar tana shiga gidan da ba a kawo kaza mai rai ba.

Zakara, da kajin gidan gona, da sauran tsuntsaye

Sabon zakara ya fi sabuwar kaza wuyar sha'ani. Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar goma, kuma manyan zakaru biyu da ba su tashi tare ba, a ƙaramin fili, sai ɗaya ya nakasa ɗaya. Wanda ke son sauya iri, kuma yana da kyau a sauya bayan shekara ɗaya ko biyu don kada uba ya yi ta bin 'ya'yansa, to ya fara kawar da tsohon kafin ya saki sabon. Tun wajen shekarun 1950 hukumomin gona a Nijeriya suka gwada shirin musayar zakaru, a karɓi na gida a ba da na Turawa don a inganta iri. Shirin bai yi nasarar da aka zata ba, domin baƙin zakarun ba su jure cuta da neman abinci da kansu ba, kuma zakarun maƙwabta da ba a kawar ba sun fi su zafin nema.

Wannan darasi yana nan har yau. Kajin nama na gidan gona, waɗanda ake yankawa suna da mako shida zuwa takwas, jikinsu ya yi musu nauyi, ba sa iya gudu ko ramawa, bai kamata a haɗa su da na gida ba sam. Tsofaffin kajin ƙwai kuwa an yanke musu baki tun suna ƙanana, ba su iya tona sosai ba, yawancinsu ba sa kwanci, kuma da yake an yi musu rigakafi suna iya ɗauke da ƙwayar cuta ba su nuna ba. Waɗanda suka fi dacewa da tsakar gida su ne irin da aka samar don haka, kamar Noiler, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona da ke Abekuta wadda aka yi wa rajista a 2018. Ita ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, kazar ƙwai ce da ta saba da zafin ƙasarmu, amma tana son a riƙa ba ta abinci. Duk da haka, wajen kwanci da kare 'ya'ya daga shirwa, ban ga wadda ta kai kazar Hausa ba, har da durgu mai gajerun ƙafafu. Talotalo kuwa, musamman ƙanana, gara a raba musu wuri, domin akwai ciwon hanta da kaji ke ɗauke da shi ba ya damunsu sosai amma yana kashe talotalo.

Hanya mafi sauƙin haɗari ta shigo da sabon iri ita ce ta ƙwai. Bahaushe ya daɗe yana sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, su fito bayan kwana 26 zuwa 28, ta riƙe su kamar nata. Haka za a iya yi da ƙwan kowace irin kaza da ake sha'awa: a samo daga gidan da aka san lafiyar kajinsa, a sa wa mai kwanci da dare. 'Yan tsakin za su tashi 'yan gida, uwa tana kare su, ba wanda zai tambaye su daga ina. Akwai cututtukan da ke bin ƙwai, shi ya sa na ce a san gidan, amma haɗarin bai kai na kejin kasuwa ba.

Rigakafi

Keɓewa tana tsare ƙofa ne, amma kajin da ke fita lungu suna cuɗanya da na maƙwabta sai da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin magungunan rigakafin Niyukasil. Akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, sai dai tana son sanyi tun daga kanti har gida, kuma ruwan famfo mai sinadarin tsarkakewa yana kashe ta. Akwai kuma wadda ake kira I-2, da aka samar a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya musamman don kajin ƙauye, wadda ta fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da ƙarami, a maimaita bayan kowane wata uku zuwa huɗu. Kariyar ba ta kankama sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, don haka a yi wa 'yan gida tun kafin a je sayen baƙuwa, ita kuma a yi mata a cikin kwanakin keɓewarta in an ga lafiyarta. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kwanta.

Kwalba ɗaya takan ishi kaji masu yawa fiye da na gida guda, kuma in an haɗa ta ba ta daɗewa. Wannan ya sa ya fi kyau lungu guda su haɗa kuɗi su sa rana. Malaman makaranta suna da rawar takawa a nan, kamar yadda makarantu suka shiga shirin ciyar da ƙasa na 1976 da gonaki da akurkai. Malamin aikin gona zai iya sa ɗalibai su ƙirgo kajin gidajensu, a gayyato malamin dabbobi, a yi ɗigon da sassafe kafin a buɗe akurkai. Watan Oktoba ya fi dacewa da zagayen farko, kafin iskar hunturu ta taso, na biyu kuma a Janairu ko Fabrairu.